Goron da Tabawa Ta Jefa a Teku

Duk wanda ya taɓa ciniki a rumfunan goro na Ikko, zamanin da Bature ke riƙe da ƙasa, ya ji sunan Tabawa mai goro. Ni ban riske ta ba, amma na riski tsofaffin da suka sha faɗa a bakinta, kuma a wurinsu na kwashi wannan labari. In kun ga ƙari a ciki nasu ne, in kun ga ragi nawa ne.

Tabawa gajeruwar mace ce kakkaura, wadda ba a raba kuncinta da ɓarin goro. In ta ɗauki goro ta juya shi sau ɗaya a tafin hannu, za ta gaya maka kurmin da aka tsinko shi da kwanakin da ya yi a ƙunshe. Wajen magana kuwa ba ta barin ta kwana, ɗan sanda ma in zai wuce rumfarta sai ya gyara tafiya. Amma akwai kalma ɗaya da bakin nan mai kaifi bai taɓa furtawa ba, ita ce sunan 'yarta ta fari. Kunyar ɗan fari dai kowace uwa tana yi, to ita Tabawa ta kai tata inda ba wadda ta kai. Shekara goma sha tara ba ta da abin kiran yarinyar sai "Ke". Ba ƙi ba ne. Tana sonta fiye da ranta, sai dai son a ciki yake ci kamar wutar ƙaiƙayi. Tunda uwar ta riƙe bakinta, ni ma bari in riƙe nawa tukuna.

An aurar da yarinyar a Ankara, wani birni na gaɓar teku yamma da Ikko, ga wani dillalin goro da ake ce wa Jatau. Da cikinta na fari ya kai wata takwas, Tabawa ta tashi takanas ta je ɗauko ta goyon ciki, don ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba. 'Yar kasuwa kuwa ba ta komawa gida hannu rabbana, saboda haka ta haɗa da huhun goro goma sha biyu. Ban da su, ta zaɓi farare bakwai manya, irin waɗanda ake kira marsa, ta naɗe su a ɗanyen ganye ta ɗaure a ƙugunta. Waɗannan na ranar suna ne.

A wancan zamani Ankara ba ta da inda jirgi zai jingina. Can nesa yake tsayawa, sai a ɗauki mutane a kwale-kwale a ratsa igiyoyin ruwa da suka fi soro tsawo, masu tuƙi suna waƙa don kada fasinja su ji ƙarar haƙoran juna. Da wuya wata ya wuce ba a kife da wasu ba. In Allah ya kai ku, sai a zuro wani akwati a jawo ku sama kamar guga. Jirgin da suka samu tsoho ne, yana tafiya da hayaƙi, yana kuma taimaka wa kansa da manyan ƙyallaye da aka ɗaura a dogayen sanduna don iska ta tura shi. Turawa suna cikin ɗakuna a sama, baƙar fata kuwa a fili, rana tasu, raɓa tasu.

Goro ba ya son zafi, ba ya son gishiri, ba ya kuma son a manta da shi. Kowace safiya Tabawa takan kwance huhu ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa wa ganyen ruwan daɗi daga ɗan abin da ake auna musu na sha, ta tsince duk wanda sankara ta taɓa, domin ruɓaɓɓe ɗaya in ya kwana a ciki sai ya kashe huhun. A gida juji take zubar da su. A jirgi ba juji, sai ta riƙa wurga su a teku. Da a nan ta tsaya, da ba a yi labari ba. Amma bakin da ya saba ba ya iya aiki shiru. Duk wanda za ta wurga da hannun dama take wurgawa, ta bi shi da ba'a: "Ga goro nan, mutanen ƙasa. A raba gida-gida, kada a tsallake kowa."

A cikin ma'aikatan jirgin akwai wani dattijo mai suna Kwabina, mutumin gaɓar nan, tsohon masunci. Teku ta cinye masa kwale-kwale da ƙanne biyu a rana ɗaya, shi ya sa ya bar kamun kifi ya koma jan igiya a jirgin Bature. Ya iya Hausa irin ta zango. A rana ta biyu ya tsaya a kanta.

"Mama," in ji shi, "a garinku in an bi gida-gida ana raba goro, me ake nufi?"

"Gayyata mana. Ko aure ko suna."

"To, wa kike gayyata?"

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa. "Dattijo, ka taɓa ganin kifi ya zo suna? Je ka ja igiyarka."

"Ni dai na faɗa," in ji Kwabina. "Ruwan nan yana da masu shi, kuma suna jin Hausa."

'Yar, wadda ke kishingiɗe a jikin huhu saboda jiri, ta ce a hankali, "Inna, da kin tara su sai mun sauka."

"Ke, kwanta. Wa ya sa da ke?"

Kashegari ta sake wurgawa, har ta ƙara da cewa a zo da wuri.

Da la'asar ɗin rana ta uku iska ta ɗauke. Ƙyallayen jirgi suka yi laƙwas, inji yana ta bugu amma jirgin ko motsi, teku kuwa ta kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Sai aka fara jin kiɗa. Ba da kunne aka fara jin sa ba, ta tafin ƙafa ya shigo, daga ƙarƙashin ruwa yake tasowa. Kafin wani ya tambayi wani, sai ga hannuwa sun kama bakin jirgi ta kowace kusurwa.

Suka fara hawowa. Dogayen mazaje masu gemun ciyawar ruwa, mata masu rawanin wuri da murjani, tsofaffi a kan bayan kififiya wadda ta fi ɗaki faɗi, makaɗa da gangunan da aka rufe da fatar kifi. Kowanne yana ɗigar ruwa, kowanne kuma yana riƙe da goro ɗaya a hannun dama. Ba su taɓa kowa ba. Sallama suka yi da ladabi, suka ce, "Masu gida, mun amsa," suka nemi wuri suka zauna sahu-sahu yadda ake zama a gidan biki.

Matuƙin jirgi, wani Bature mai jan gemu, ya sa aka busa ƙahon jirgi, ya harba bindiga sama. Baƙin suka ɗauka maraba ake yi musu, suka ji daɗi, suka aika a gaya wa na baya su hanzarta. Jirgin da aka yi don mutum ɗari biyu ya ɗauki dubu, na ƙasa kuma ba su ko rage ba. Aka ji ƙarfe yana kuka, katako yana tsagewa. Aka sauke ƙananan jiragen tsira, baƙi suka shiga suka cika su, don sun zaci ƙarin wurin zama ne. Ruwa ya kai ga wutar inji, tururi ya tashi fari fat. Haka jirgin nan ya tafi ƙasa da rana tsaka-tsakin sama da ruwa, ba hadari, ba dutse, baƙi ne kawai suka yi masa yawa.

Tabawa ta damƙi wuyan hannun 'yarta. Ruwa ya fi ta ƙarfi, ya raba su, ya bar mata awarwaro ɗaya a hannu. Ta buɗe baki ta ƙwala kira, "Ke!" Gishiri ya cika mata baki, duniya ta yi duhu.

Da ta dawo hayyacinta, ta gan ta tsaye a kan farin yashi, cikin wani haske kore-kore irin na gindin mangwaro. A gabanta wani mahaluki ne tsaye, fuskarsa ta mutum, idanunsa na kifi ba sa ƙiftawa, rigarsa ta ɓawon kifi tana walƙiya har ƙasa.

"Ya ke 'yar Adam mai gayya," in ji shi, "ni ne Jakadan Magajiyar Teku. An aiko ni in kai ki gabanta."

"Ina yarinyar da nake tare da ita?"

"Tana inda duk wanda ruwa ya ci yake. Ke kuwa ba ki mutu ba, domin a dokarmu mai gayya ba ya mutuwa kafin ya sallami baƙinsa. Amma ki sani, numfashinki yana cikin ɓarin goron da ke kuncinki. Muddin kina jin ɗacinsa kina da lokaci. Kada ki tauna da garaje."

Tabawa ta kai harshe ta taɓa ɓarin goron. Tun da take ba ta taɓa jin ƙanƙantar abu irin wannan ba. Ta soke awarwaron a ƙugu, ta bi Jakada.

Suka fara isa Kurmin Jirage. Nan ne duk jirgin da teku ta haɗiye tun farkon duniya yake tsaye, sandunansu sun yi sama kamar giginyu, ƙararrawarsu tana kaɗa kanta. Akwai na katako masu kan dodo, akwai na ƙarfe da tsatsa ta cinye, akwai waɗansu da in ka wuce ta gefensu za ka ji sarƙoƙi suna motsi a cikinsu, tare da wata waƙa a harshen da babu sauran mai jin sa. Tabawa ta yi ta salati a zuci.

"A nan za a yi miki tambaya," in ji Jakada. "Wanda ya amsa ya zama ɗan gida, ba zai ƙara fita ba."

Bai rufe baki ba sai ga matuƙan jiragen zaune a bakin tagogi, kowanne da jiƙaƙƙiyar taswira a gabansa, suna leƙowa. "Baiwar Allah, ina ne hanyar gaɓa?" Ta yi shiru. "Baiwar Allah, ko ke kurma ce?" Ta cije leɓe. Wani mai hular gashi ya ce, "Ƙyale ta, irin matan nan ne da ba su san goro mai kyau ba." Jama'a, ku da ba ku san Tabawa ba ba za ku san girman wannan jarrabawa ba. Amsa ta taso mata har maƙogwaro, iri uku, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Ta shafa awarwaron da ke ƙugunta, ta haɗiye su duka, ta wuce.

Daga nan suka gangara Kwarin Taru. Duk tarun da ya ɓace wa masunta a teku nan yake taruwa, yana yawo shi kaɗai yana kamu ba mai ja. A gefen kwarin masuntan da suka nutse suna zaune bisa kifaffun kwale-kwalensu, suna ɗinkin tarun da ba ya ƙarewa. Wani a cikinsu ya ɗago kai ya ce wa na kusa da shi, "Ko an yi ruwa a tudu bana?" Ɗayan ya ce, "Da na baro gida matata tana shanya masara." Suka koma ɗinki. Wannan magana ta fi sarƙoƙin nan taɓa zuciyar Tabawa.

Tana cikin kallonsu wani taru ya faɗo mata ya nannaɗe ta tun daga wuya har idon sawu. Jakada ya tsaya nesa ya harɗe hannu. Ta fizga, tarun ya ƙara matsewa. A gefenta ga ƙasusuwan waɗanda suka yi ta fizga kafin ita, wasu da wuƙa a hannu. Sai ta tuna abin da ake fara koya wa duk mai shiga sana'ar goro, cewa ba a yanka igiyar huhu, ba a kuma fizgarta, ƙullin ake nema a lallaɓa shi. Ta sassauta jiki, ta bi zaren da yatsu har ta sami uwar ƙullin, ta sa farce ta warware shi a hankali. Tarun ya zube a ƙafafunta. Masuntan suka ɗago suna kallonta, wani ya ce, "Wannan ta san igiya."

"Ɗacin fa?" in ji Jakada.

"Ya ragu," in ji Tabawa. "Ƙara sauri."

Fadar Magajiya ba ta da bango, ba ta da rufi. Haƙarƙarin manyan jirage aka kakkafa sahu biyu, murjani ya haye su ja wur, kifaye masu fitila a goshi suna kai da kawowa a tsakani. Baƙin nan da suka nutsar da jirgi suna zaune dama da hagu, har yanzu da adonsu, fuska ba walwala. A ƙarshen sahun Magajiya take. Tabawa ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, ba ta ga ƙarshen rawaninta ba. Gashin kanta shi ne igiyoyin ruwan da ke yawo tsakanin ƙasashe. In ta ja numfashi ruwa ya janye daga kowace gaɓa ta duniya, in ta saki ya koma. Tabawa, wadda ba ta taɓa durƙusa wa ko Bature ba, ta zube ta durƙusa.

A gaban Magajiya an ajiye faifai, an tara goron nan a kai, kowanne an fasa shi, baƙin cikinsa a waje.

"Ke ce mai goro?" Muryar ta fito a hankali, amma sai da yashi ya girgiza.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Tun da aka halicci ruwa mutanen tudu suke ratsa bayana ba sallama. Sun jefo mini toka, sun jefo mini gawa, sun jefo mini mutane da ransu a ɗaure cikin sarƙa. Ba wanda ya taɓa jefo mini goro sai ke. Muka ce yau an tuna da mu. Muka yi ado, muka ɗauki makaɗa, muka tafi. Muka tarar ba biki, muka fasa goron muka tarar da ruɓa. Tambayata biyu ce, 'yar Adam. Wane biki kika kira mu, kuma me muka yi miki da kika zaɓa mana wannan?"

Tabawa ta iya ƙarya irin ta kasuwa, ta kuma san inda ba a kai ta.

"Ranki ya daɗe, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ban gayyace ku ba. Shara na zubar, na bi ta da ba'a, an gargaɗe ni na ƙi ji. Laifin nawa ne ni kaɗai, ba na mutanen jirgi ba." Fada ta ɗauki gunaguni. Ta sa hannu a ƙugu ta kwance ƙunshin nan, ta buɗe ganyen, farare bakwai suka bayyana ko ɗigon gishiri bai taɓa su ba. "Amma biki kam akwai shi. Yarinyar da ruwa ya ƙwace mini tana da ciki wata takwas. Waɗannan na ɓoye ne don ranar suna, ban yarda ko mijinta ya gan su ba. Yanzu nake gayyatarku, da hannu biyu, a durƙushe."

Jakada ya karɓa ya miƙa. Magajiya ta ɗauki ɗaya da kan farce ta sa a baki. An ce a wannan lokaci duk tekunan duniya sun tsaya cik, har masunta a gaɓa suka riƙa duban juna.

"Ɗaci a gaba, zaƙi a baya," in ji Magajiya. "Ashe haka yake. Na karɓi gayyarki. Sai dai ba a suna sai da mai jego. Za a kai ki Filin Masu Jira, ki kira taki sau uku. In ta amsa, ita da duk wanda ya hau jirgin nan sun zama mutanen gidan biki, baƙo kuwa ba ya riƙe masu gida. In ba ta amsa ba, za ta zauna da mu ita da abin da ke cikinta, ke kuma a mayar da ke tudu ke kaɗai, ki yi tsawon rai."

Aka hau da ita kan wani dutse. Abin da ta gani a ƙasa ya fi ƙarfin ido. Mutane ne tsaye sahu bayan sahu har inda hasken ya ƙare, maza da mata, baƙaƙe da farare, duk wanda ruwa ya taɓa ci. Idanunsu a rufe, suna rangaji kaɗan-kaɗan yadda dawa ke yi in iska ta taso. Ta duba ta duba, ba ta iya bambanta kowa ba.

Ta cika ƙirji ta yi kiran da ta saba shekara goma sha tara. "Ke!"

Duk macen da ke filin nan ta juyo da kai, dubu bisa dubu, sannan suka mayar a hankali. Ba wadda ta amsa.

"Ɗaya," in ji Jakada.

Hankalin Tabawa ya tashi. Ta laluba goron da ke kuncinta, sai ɗan tsaki-tsaki, ɗacin ya kusa zama ruwa. Ta sake ɗaga murya. "Matar Jatau! 'Yar mai goro ta Ikko!"

Ko gezau.

"Biyu," in ji Jakada. "Nan ba matar kowa, ba 'yar mai sana'ar kowa. Ruwa ya wanke wannan duka. Abin da aka raɗa wa mutum ranar sunansa, shi kaɗai yake saura."

Muryar Magajiya ta biyo ruwa ta iske ta. "Abin mamaki, 'yar Adam. An ce kowane goro kin san sunansa, ba kya kiran babba da sunan ƙarami. Ashe abin da kika haifa ne ba shi da suna a bakinki?"

Tabawa ta buɗe baki, harshe ya ƙi tashi. Sunan yana nan inda ta ajiye shi tun ranar da ta ji an yi shelarsa tana bayan labule, amma bai san hanyar fita ba. Dubban baƙi sun zuba mata ido, kunya ta shekara da shekaru ta danne mata ƙirji. Sai ta tuna tata uwar. Ita ma Tabawa 'yar fari ce. Ta tuna ranar da tsohuwar ke jinyar ajali, ta zauna a bakin gadonta kwana uku tana jira ko sau ɗaya ta ji sunanta a bakin nan, har aka rufe mata ido ba ta ji ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa yadda abin ya yi mata ciwo ba, ga shi ita ma ta ɗauko ciwon ta aza wa wata. Hawaye ya zubo mata, ko da yake a cikin teku ba mai gane hawaye.

Ɗacin ƙarshe yana barin harshenta ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ramatu. Ramatu 'yata, taso mu tafi gida."

Can ƙarshen fili, inda ido ba ya kaiwa, wata siririyar murya ta ce, "Na'am, Inna."

Magajiya ta saki numfashi.

Masuntan wani ƙauye kusa da Badagiri suna gyaran taru da hantsi suka ga igiyar ruwa guda ɗaya ta taso tun daga tsakiyar teku, ta zo a hankali ta ajiye mutum ɗari biyu a kan yashi, ta koma. Ba wanda ya rasu ko ɗaya, ba kuma wanda ya tsira da ko tsinke. Jirgi ya tafi, huhu goma sha biyu sun tafi. Bature mai jan gemu ya zauna ya daɗe yana kallon ruwa, daga baya ya rubuta wa manyansa cewa dutse suka buga, don ba shi da takardar da za ta ɗauki gaskiyar. Kwabina kuwa da ya gama amayar da gishiri, ya rarrafo kusa da Tabawa ya ce, "Mama, kifi yana zuwa suna?"

Ramatu ta buɗe ido ta ga uwarta a kanta. "Inna, a can ƙasa na ji an kira ni. Wa ya kira?"

Tabawa ta kau da kai. "Ke, gyara ɗankwalinki, mutane na kallo." Amma ta mayar mata da awarwaronta, kuma ba ta saki wuyan hannun nan ba har suka shiga Ikko.

Bayan wata guda Ramatu ta haifi 'ya mace. Tabawa ta ce a bakin teku za a yi suna. Dangi suka yi ta surutu, liman ya ce shi bai taɓa gani ba, ta ce to yau zai gani. Aka kafa wa mai jego rumfa a kan yashi, aka shimfiɗa tabarmi, aka yanka rago da safe. Ana shafa fatiha sai ruwa ya fara matsowa, ba igiya, ba ƙara, har ya zo daidai bakin tabarmar ƙarshe ya tsaya. Masu raunin zuciya suka ɗauki takalmansu. Waɗanda suka dake sun ce sun ji kiɗa ta tafin ƙafa. Tabawa ta ɗauki ƙwaryar farin goro wanda ta zaɓa ɗaya-ɗaya da hannunta, ta durƙusa ta miƙa wa ruwan da hannu biyu, ta ce, "Sannunku da zuwa." Ƙwaryar ta yi ƙasa, ta dawo cike da murjani.

Sannan ta miƙe, ta juya wajen rumfa, a gaban liman da dangi da duk matan kasuwar goro, ta ce, "Ramatu, kawo jaririyar baƙi su gan ta."

Mata suka kama baki. Wata tsohuwar ƙawarta ta ce, "Haba Tabawa, 'yar fari? Ina kunyar?"

"Tana ƙarƙashin teku tare da huhu goma sha biyu," in ji Tabawa. "Mai so ta je ta ɗauko."

Tsofaffin rumfa sun ce Ramatu ba ta taso nan da nan ba. Ta ji sarai, har hawaye ya ɗiga a goshin jaririyar, amma ta sunkuyar da kai ta yi kamar ba ta ji ba, don a sake kira. Aka kuwa sake.